Wane Ne "Kowa"?

A shekarar 1789 majalisar juyin juya halin Faransa ta fitar da takardar haƙƙin ɗan Adam mai sashe 17, inda ta tabbatar wa kowa 'yanci da daidaito a gaban doka. Da aka zo maganar ƙuri'a, ashe "kowa" ɗin nan maza ake nufi. Sai wata marubuciyar wasan kwaikwayo, Olympe de Gouges, ta ɗauki takardar a 1791 ta sake rubuta ta sashe-sashe, ta shigar da mace duk inda aka tsallake ta. A watan Nuwamba na 1793 aka fille mata kai saboda sukar masu mulkin lokacin, kwanaki kaɗan bayan majalisa ta rufe ƙungiyoyin siyasa na mata. Matan Faransa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1945.

To, 'yan'uwa ɗalibai, abin tambaya shi ne: mutanen da suka rubuta "kowa" suka bar iyayensu mata a waje, laifi suka yi, ko kuwa zamaninsu ne ya rufe musu ido? Galibin malamai kan yi musu uzuri da zamani, wai ba a auna mutumin jiya da mudun yau. Maganar tana da ƙarfi, ni ma na daɗe a kanta. Amma uzurin makanta na wanda ba a nuna wa hanya ba ne. Tun a 1790 wani masani daga cikinsu, Condorcet, ya rubuta cewa hujjar da ta ba namiji haƙƙi, watau hankali da sanin ya kamata, ita ce dai ta ba mace. Sun karanta, sun ji, suka kau da kai. Wanda aka taɓa wa kafaɗa ya ƙi waiwayowa, ai ba barci yake ba.

Kada mu yi saurin yi wa Faransawa dariya. A zaɓen tarayya na 1959 matan kudancin Nijeriya sun yi zaɓe, na Arewa kuwa an ce al'ada ba ta yarda ba, alhali ana ta kirarin 'yancin kai ga kowa. A nan ma an faɗa: Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta yi ta faɗa a Zariya da Kano, ta sha duka da ɗauri a kai. Sai a 1976, ƙarƙashin mulkin soja, matan Arewa suka sami ƙuri'a, shekara 16 bayan an sauke tutar Ingila.