KA SAYI LAMBAR SOJA, TO SUNANSA FA?



'Yan'uwa, akwai wata harka da ta yi ƙarfi a Turai, musamman Ingila: saye da tara lambobin yabo na tsofaffin sojoji, da 'yan faya-fayan shaida da suke ratayawa a wuya. Ana gwanjonsu a shaguna da intanet. Wasu masu tarawar ba sa tsayawa a saye, sai su shiga bincike: wane ne mai wannan lamba, ɗan ina ne, ya dawo gida ko bai dawo ba? Abin da nake so mu duba shi ne, wanda ya sa kuɗinsa ya sayi lambar mamaci, me ya mallaka, me kuma ya hau kansa?

Kada wani ya ce ai wannan zancen Turawa ne. Kakanninmu na ciki tsundum. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kwashi sojoji daga Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya, ta haɗa runduna ta 81 da ta 82, ta kai su Boma yaƙi da Japan. Sun yi gumurzu a kwarin Kaladan a 1944, sun kama Myohaung a Janairun 1945. Har gobe akwai barikin Myohaung a Legas, akwai barikin Chindit a Zariya. Sunayen wuraren sun zauna, amma sunayen mutanen fa?

Mu fara da ƙarfen kansa. Lambobin da Ingila ta raba bayan yaƙin 1914 zuwa 1918, an buga sunan soja da lambar aikinsa da rundunarsa a jikinsu, don haka mai bincike zai iya bin sawu har ma'ajiyar takardun tarihi ta Kew a Landan. Amma yawancin na yaƙi na biyu, har da Tauraron Boma, haka aka raba su babu suna. Da zarar ta rabu da takardar sallamar mai ita, shi ke nan, ta zama ƙarfe kawai. Faifan wuya kuwa biyu ne sojan Ingila ke ratayawa, ɗauke da sunansa da lambarsa da addininsa. Idan ya faɗi, a cire ɗaya a kai rahoto, a bar ɗaya a jikin gawa, don a san wanda aka binne da yadda ya dace a binne shi.

To ka ga wannan ɗan faifai an yi shi ne don ranar da mutum ba zai iya faɗin sunansa ba. Mu tuna Anas ɗan Nadr, Allah ya ƙara masa yarda, a ranar Uhudu: raunuka sama da tamanin a jikinsa, babu wanda ya gane shi sai 'yar'uwarsa, da yatsunsa ta shaida shi. Bukatar a gane mamaci tsohuwa ce, kuma haƙƙi ne nasa da na iyalinsa.

Daga nan hukuncin farko ya fito. Lambar da magada suka sayar da yardarsu, ciniki ne kamar kowane ciniki. Amma akwai masu bin tsofaffin filayen daga a Rasha da gabashin Turai da na'urar gano ƙarfe, su tono ƙasusuwa, su cire faifan, su kai kasuwa. Wannan kam zalunci ne, domin an raba gawa da shaidarta ta ƙarshe, iyalin da suka yi shekaru tamanin suna jiran labari ba za su taɓa samu ba. Mai saye kuma yana da kaso, don ba domin shi ba da mai tonon bai ɗauki shebur ba.

Ko da cinikin ya halatta, ƙarfen ka saya. Sunan da ke jiki amana ce a hannunka. Su kuwa sojojinmu, an riga an ci amanarsu sau ɗaya. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta fitar da rahoto, ta amsa cewa aƙalla mamata 116,000 na yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, alhali Bature ana kafa masa dutse da sunansa. Ga kuma yadda aka riƙa rubuta mutanenmu a rajista: sunan yanka da sunan gari, wane Kano, wane Bauchi, babu sunan uba. Wanda ya zauna ya yi wahalar haɗa irin wannan suna da zuriyarsa, ya yi aikin alheri, ko da kuwa sha'awa ce ta kai shi.

Wani zai ce, malam, ai yaƙin Turawan mulkin mallaka suka yi, mene ne abin tunawa? Tambaya ce mai nauyi. Akwai lambar da Ingila ta bayar kan yaƙin Arewacin Najeriya na 1903, shekarar da aka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, kuma da yawan masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne. Irin wannan lamba ba abin alfahari ba ce a wurinmu. Amma gano mutum daban, wanke shi daban. Mai bincike na gaskiya zai faɗi inda sojan ya yi yaƙi da wanda ya harba, kuma zai faɗi cewa wani talauci ne ya kai shi soja, wani kuwa hakimi ne ya miƙa shi don cika adadi. Hukuncin zuciyarsa yana wurin Mahaliccinsa.

Sai dai gaskiya ma tana da iyaka. Takardun soja na ɗauke da horon da aka yi wa mutum, da cutar da ya yi, da ranar da ya gudu. Abin da ya shafi tarihin jama'a a faɗe shi. Abin da ba zai ƙara komai ba sai kunyata jikoki, a rufa wa mamaci asiri, tunda ba ya nan balle ya kare kansa.

Mu dawo gida. Idan akwai lambar kaka a ƙasan adaka, kada a rabata da takardunta, kada a sayar wa 'yan gwangwan. A zauna da tsofaffin gida tun suna raye, a rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa da lambar aikinsa. Wanda nasa bai dawo ba, ya duba shafin waccan hukuma, kyauta ne. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma 'yan Najeriya na ciki. Wataƙila naka yana can, shekara da shekaru babu wanda ya kira sunansa a addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wallahu a'alam.