Faifan Hajiya da Man Goge Baki

A lokacin da kasuwar faifai ke ci a Ƙofar Wambai ta Kano, akwai wani dattijo mai ɗan shago, shi da yaronsa. Ran nan wata tsohuwa ta zo da faifan CD biyu ƙunshe a gefen mayafi. Karatun Alƙur'ani ne da muryar marigayi mijinta, amma da an saka sai su yi ta tsalle.

Yaro ya fizgo tsumma zai hau dirza yana kewayawa. Dattijo ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, ɗana. Duba tukuna, ta wace fuska ya kwarzane?"

Ya nuna masa cewa kaurin faifai milimita 1.2 ne, kusan duk roba ce garai-garai. Abin da aka naɗa yana can sama, dab da fuskar da ake rubutu. Ta ƙasa hasken na'ura yake ratsowa ya karanta, don haka kwarzanen ƙasa hasken kawai yake karkatarwa, karatun na nan daram.

Ya ɗauki na farkon, ya ɗiga farin man goge baki a auduga, ya rinƙa shafawa a hankali daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe. Ya ce naɗin kewaye yake bi: kwarzanen da ya bi kewayen yakan cinye dogon zango, wanda ya gitta kuwa na'ura na iya cike giɓinsa. Ya wanke, ya bari ya bushe, ya saka. Sai ga muryar marigayi tar. Nan take ya kwafe a kwamfuta, domin kowace guga rage robar take yi.

Na biyun ya ɗaga shi a rana, haske na ɓullowa ta jikinsa.

"Hajiya, sai haƙuri. Wannan ta sama ya kwarzane, karatun ya tafi. Mayar da kuɗinki."

Bayan ta tafi yaro ya ce, "Baba, da mun goge shi ya yi ƙyalli, ai da ta biya."

"Ta biya, ta je gida ta saka ta ji shiru? Ni na san ba zai yi ba, ita ba ta sani ba. Wannan kuɗi ba halalina ba ne."

Mai karatu, in kana da faifan da ke ɗauke da muryar wani naka, kwafe shi tun yana karantuwa.