Ana Koyon Tausayi A Kan Inuwa?

'Yan'uwa, 'ya'yanmu na Tudun Jukun da Tudun Wada suna koyon aikin jinya, waɗansu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, waɗansu a Wusasa. A Amurka da Ingila kuwa an fito da wani tabarau na kwamfuta. In ɗaliba ta sa, sai ta ga tsoho kwance yana nishi, ta yi masa magana ya amsa. Alhali ba kowa, inuwa ce.

Shin daidai ne a koyi tausayi a kan abin da ba ya jin zafi?

Da fari mun ƙi abin, muka ce wasa ne. Amma muka tuna a 1911 asibitin Hartford na Amurka ya soma koya wa masu jinya aiki a jikin 'yartsana, ba wanda ya kira wannan ƙarya. Gwamma yarinya ta yi tuntuɓen harshe sau goma gaban inuwa da ta yi sau ɗaya gaban uwar da ɗanta ya cika yanzun nan. Gama mu da mukan je dubiya mun ga ɓarnar kalmar gaggawa.

Duk da haka hankalinmu bai kwanta ba. Inuwar da aka ƙera a Turai ta yiwu ta koya wa yarinya duban tsoho cikin ido. A Zazzau rashin kunya ke nan. Ba ta san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari ba. In ɗaliba ta gaji kuma, sai ta tuɓe tabarau, tsohon ya ɓace. Na kan gadon Shika kuwa yana nan har asuba, yana kiranta.