Fasali a kan Duhu Uku da Fitilun Mai Tafiya

Bismillahi. Godiya ta tabbata ga Allah mai juya dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana muridai na Sabon Birni da Isa da Gatawa, kun tambaye ni abin da ya wajaba ga mai suluki in hanya ta yi duhu. Na ce, kuma ga Allah dacewa take: malaman tafsiri sun faɗa cewa Annabi Yunusa ya kira Ubangijinsa cikin duhu uku, na dare da na teku da na cikin kifi. Mu ma duhunmu uku ne, kowane da fitilarsa.

Na fari shi ne duhun hanya. Kun san abin da ya auku a 2021 kusa da Gidan Bawa, inda anka ƙone matafiya cikin mota. Kun san a 2024 anka tare Sarkin Gobir na Gatawa bisa hanya, ya cika a hannun azzalumai. Tun 2019 dubban mutanenmu sunka ƙetara ƙasar Maraɗi. Wani zai ce gudu raunin tawakkali ne. Wannan kuskure ne. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya fita Makka da dare, ya kwana uku cikin kogon Sauru, ya yi ijarar jagora masanin hanya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu a 1804, shi da jama'arsa. Wa ya fi su dogara ga Allah? Fitilar wanga duhu ita ce riƙon sababi: kada ka yi tafiya kai kaɗai, tambayi labarin hanya, fid da iyalinka in zama ya ƙi. Gaɓɓai su yi aiki, zuciya ta jingina ga Mai kowa.

Na biyu shi ne duhun yanke ƙauna. Wanga ya fi na fari muni, don na fari jiki yake taɓawa, wanga kuwa imani yake ci. Alamarsa bawa ya ce: na yi wuridi shekara ashirin, ga shi an kore mini shanu, ina amfani? Ka sani, ya ɗan'uwa, wuridi alkawali ne tsakaninka da Ubangijinka, ba ciniki ba ne. Wanda ya bar shi ranar tsanani ya hure fitilarsa tsakar dare. Riƙe shi ko a zangon gudun hijira, ko da taimama, ko da leɓe kaɗai ke motsi. Ka nemi 'yan'uwa ku yi zikiri tare, don garwashi ɗaya saurin mutuwa gare shi.

Na ukku shi ne duhun ƙiyayya, shi ne cikin kifi. Nafsi takan raɗa wa wanda anka zalunta cewa duk Bafulatani abokin gaba ne. A 2021 'yan sa-kai sunka kashe Fulani a kasuwar Mamande, ba a daɗe ba 'yan bindiga sunka afka wa kasuwar Goronyo. Dubi yadda jini ke kiran jini. Kare kai halal ne, neman hakki wurin hukuma wajibi ne. Amma jinin wanda bai yi laifi ba haram ne, ko ɗan wane ne. Wanda ya zub da shi ya zama abin da yake gudu. Fitilar wanga duhu ita ce adalci, man ta kuwa istigfari.

Ku auna kanku da wanga ma'auni kowace asuba: in ka iya roƙa wa marayan ruga abin da kake roƙa wa marayan gari, fitilarka tana ci. In ka kasa, koma ga shehinka, ka yawaita salati har zuciya ta yi taushi.

Allah ya amintar da hanyoyinmu, ya mai da masu hijira gidajensu, ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya sa mu cika da imani. Amin.