Littafin da Na Ƙwace: Shin Hana Matashi Karanta Labarin Soyayya Tarbiyya Ce?

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2020, lokacin da Kogin Haɗeja ya cika ya batse, samarin gari suka riƙa kwana a bakin jinga suna ɗura yashi a buhuna, mu kuma a gida muka shiga ɗaga kaya sama don gudun abin da ka iya biyo dare. Ina gida a lokacin, domin annobar korona da yajin aikin malamai sun rufe jami'o'i. Garin ɗaga katifar ƙanwata, wadda shekarunta ba su wuce 15 ba, sai ga littattafan soyayya guda uku, bangonsu duk ya ƙoƙe saboda yawon aro, tare da wani littafin rubutu na makaranta cike da rubutun hannunta. Na tattara su na sa a aljihun jakata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ka riƙe ukun, amma don Allah ka ba ni na rubutun." Ban ba ta ba.

A ranar ban yi shakkar cewa na sauke nauyin da ke kan babban wa ba. Yau kuwa, bayan na kammala digiri na kuma daɗe ina juya al'amarin a raina, tambayar da ta rage mini ita ce: abin da na aikata tarbiyya ne, ko kuwa tsoro ne na laƙaba masa sunan tarbiyya? Wannan tambaya ta fi ƙarfin gidanmu, domin al'ummar Hausawa ta shafe shekaru fiye da 30 tana muhawara a kanta.

Hujjar masu hani

Adalci ne a fara da waɗanda nake cikinsu a wancan lokaci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk abin da ya fara shiga zuciyar matashi yakan daɗe bai fita ba. Yarinyar da ta karanta labarai 20 da a cikinsu saurayi yake zuwa zance da mota mai baƙin gilashi, ya kai amarya Dubai hutun angwanci, ba abin mamaki ba ne ta raina ɗan masuncin da ke unguwarsu, ko da ya fi kowa nagarta. Yaron da ya saba karanta cewa so yana halatta bijire wa kowa zai iya ɗaukar nasihar mahaifinsa a matsayin ƙiyayya. Ga shagala daga karatu, ga zubar da kunya, wadda ita ce adon ɗa a wajenmu.

Irin wannan damuwa ce ta tayar da zazzafar muhawara a jaridu cikin shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan rubuce-rubuce Adabin Kasuwar Kano yana sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya a kan cewa madubi ne na rayuwar matasa da ya cancanci nazari. A shekarar 2007 abin ya kai ga hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. Yanzu ma hujjar ta ƙara ƙarfi, domin labarin ya bar teburin mai sayar da littattafai ya koma cikin waya. Ana rarraba shi babi-babi a zaurukan WhatsApp, ana karanta shi da murya a YouTube, babu mai tacewa, kuma wasu daga ciki batsa ce tsagwaronta. Wanda ya musanta wannan bai yi wa iyaye adalci ba.

Abin da littattafan suke faɗa

Sai dai kafin a yanke wa mutum hukunci akan saurari ta bakinsa. Idan aka buɗe fitattun littattafan nan, za a tarar cewa abin da ya fi damun marubutansu shi ne tambaya guda: wa ke da ikon zaɓa wa matashi abokin zama? Tambayar ma ta girmi Adabin Kasuwar Kano. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930, labari ne na saurayin da mai dukiya ya raba da budurwarsa, da irin masifar da ramuwar gayya ta haifar. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, labarin 'yar Fulanin da zuciyarta ta zaɓi wanda ba ɗan rugarsu ba. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda aka raba yarinya da karatu aka ɗaura mata aure da dattijo, daga baya ilimi ya zama hanyar tsirarta. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, ya ɗora 'yar masu hali da ɗan talaka a kan sikeli guda, ya nuna inda tilas ke kai mutane.

Waɗannan marubuta ba su ƙirƙiro matsalar ba, a gidajenmu suka same ta. Addinin da muke kafa hujja da shi wajen hani kuwa bai taɓa ɗaukar zuciyar matashi abin wasa ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya warware auren da mahaifin Khansa'u bint Khizam ya ɗaura mata ba da yardarta ba. Ya kuma tabbata cewa Mugisu ya riƙa bin Barira a titunan Madina yana kuka, Annabi (SAW) ya sa baki domin ta koma masa, da ta fahimci shawara ce ba umarni ba, sai ta ƙi, kuma ba a tilasta mata ba. A ƙarni na 11, malamin fiƙihu Ibn Hazm na Andalus ya rubuta littafi sukutum, Ɗauƙul Hamama, a kan so da alamominsa da illolinsa, ya rufe shi da babin kamun kai. Ke nan magabata sun ga cewa so abu ne da ake zama a yi nazarinsa, a koya wa mutum yadda zai ɗauke shi.

Darasin kogi

Mutumin Haɗeja ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ke faruwa idan aka tare abu mai gudu. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne uwayen Kogin Haɗeja. Madatsun sun yi amfani: Kano ta samu ruwan sha, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Auyo. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A dā ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya wanke hanyarsa, ya malale fadama, ya janye da rani ya bar ƙasa mai albarka. Da aka koma sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai laka ta taru, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai, tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa suka samu maɓoya a cikinta. Wasu rassan kogin a ƙasar Guri da Kirikasamma suka ƙafe, wasu wuraren kuma ruwan ya kwanta a gonakin da ba a gayyace shi ba. Ruwan bai fasa zuwa ba, hanya kawai ya sauya.

Haka son fari yake a ƙirjin matashi. Yana zuwa a kan lokacinsa kamar damina, ko an karanta littafi ko ba a karanta ba. Kakanninmu da suka yi dandali da tashe ba su san ɗab'i ba, amma sun san so. Abin da ya bambanta zamaninmu shi ne tsofaffin magudanan sun toshe. Dandali ya mutu, gwaggo da kaka waɗanda yarinya kan buɗe wa cikinta sun yi nisa ko sun shagala, kunya kuma ta hana uwa da 'yar fari haɗa ido balle su yi irin wannan zance. A cikin wannan shiru ne littafi ya samu gurbi. Idan aka ƙwace shi ba tare da an buɗe wata ƙofa ba, tambayoyin yarinyar ba za su mutu ba. Za su koma inda babu idon kowa, wato cikin waya da tsakar dare, wajen wanda bai damu da makomarta ba.

Ban manta cewa kwatance yana da iyaka ba. Ɗan Adam ba ruwa ba ne, yana da hankali, kuma ana tambayarsa abin da ya aikata. Garin da ba shi da jinga ma ruwa ya ci shi. Amma manomin fadama ya san jinga kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da yashe magudana. Hani yana tsare mutum ne muddin mai hanin yana tsaye a kansa, alhali kuwa balaga ita ce ranar da mutum zai tsaya shi kaɗai ya zaɓa.

Abin da na tarar a littafin rubutu

Na karanta littafin ƙanwata a daren da na ƙwace shi, da fitilar waya, ina neman hujjar da zan kai gaban Inna. Labari ne take rubutawa. Jarumar 'yar manomin shinkafa ce, tana aji ɗaya a babbar sakandare, tana son wani yaro da ke taya mahaifinsa sayar da busasshen kifi a kasuwa, ba su taɓa yin magana ta wuce gaisuwa ba. A babi na huɗu, baffan yarinyar ya zo da maganar wani mai shago, manya suka zauna a zaure suka gama shawara, ita kuma tana jiyo su daga bayan katanga tana tankaɗe. Nan hannuna ya yi sanyi, domin ina cikin zauren nan. Watanni biyu kafin ambaliyar an yi wannan zama a gidanmu, na ba da baki a matsayina na ɗan jami'a, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in tambaye ta ba.

Laifi biyu na gano a daren. Na farko, na yi leƙen asirin da addini ya hana, na shiga inda ba a yi mini izini ba. Na biyu, na ga cewa littattafan nan uku da na raina su ne suka ba ta kalmomin da ta fayyace halin da take ciki, abin da mu 'yan gida muka kasa ba ta. Da safe na sami Inna a madafa na gaya mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "To, ai sai ka gaya wa Malam, kai ne namiji." An ɗage maganar auren har ta gama makaranta. Yaron mai kifi kuwa ya tafi neman kuɗi kudu, zancen ya mutu da kansa, ta yi kukanta ta share hawaye. Ba ta samu ƙarshe irin na littafi ba, amma ta fito daga al'amarin ta san zuciyarta, ta kuma san cewa so ba ya zama bashi a kan wanda ake so.

Ma'aunin da ya dace

Saboda haka na daina tambayar ko littafi yana maganar so, na koma tambayar ko yana faɗin gaskiya a kansa. Littafin da ya nuna wa matashi cewa so yana tafe da nauyi, cewa wanda kake so mutum ne mai ikon ya ce a'a, cewa iyaye suna iya kuskure ba tare da sun zama maƙiya ba, cewa akwai rayuwa bayan an rasa masoyi, wannan littafi malami ne. Wanda kuwa ya mayar da dukiya ladan so, ya mayar da kishi da duka alamar ƙauna, ya rufe labarin mace a ranar da aka kai ta ɗaki kamar rayuwarta ta ƙare a nan, to ƙarya yake koyarwa, ko da babu kalmar batsa ko ɗaya a cikinsa. Da wannan ma'auni wasu littattafan da ake yabo za su faɗi, wasu da ake zargi kuma za su tsira.

Rarrabe waɗannan biyu aiki ne da ba a iya yinsa da ashana. Sai babba ya karanta abin da ƙaramin ke karantawa, ya zauna ya tambaye shi: me ka gani a zaɓin da jarumar nan ta yi, kai da me za ka yi? Ya fi ƙwacewa wahala, domin yana buƙatar lokaci da sauke girman kai. Akwai kuma nauyi a kan marubuta matasa irina. Yawancin labaran da ƙannenmu ke karantawa suna faruwa ne a manyan gidajen Kano da Abuja, har yarinyar Auyo ko Malam Madori ta ɗauka cewa so ba ya sauka a inda ake fatan shinkafa ta tsira daga ruwa. Gasa irin Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta nuna cewa akwai masu sauraron labarin talaka idan an iya ba da shi.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na buɗe da ita ita ce: hani yana iya zama ɓangare na tarbiyya, kamar yadda jinga take ɓangare na zaman bakin kogi, amma hanin da bai karanta ba, bai tambaya ba, bai saurara ba, tsoro ne kawai. Tarbiyya ta gaskiya tana shirya yaro ne domin ranar da babu mai tsaronsa sai hankalinsa da tsoron Allah.

Na mayar wa ƙanwata littafin rubutunta bayan ruwa ya janye, na kuma nemi gafararta, abin da ba kasafai wa yake yi wa ƙanwa a gidajenmu ba. Ta karɓa ta ce, "Yaya, ka karanta har ƙarshe?" Na ce na karanta, amma labarin bai ƙare ba. Ta ce ai ba ta san yadda zai ƙare ba tukuna. Littattafan nan uku kuwa sai da na karance su tas kafin na mayar. Biyu na ba ta, ɗaya na riƙe, na kuma zauna na gaya mata dalili.