Neman Magani Ba Roƙo Ba Ne

Sau nawa a nan Garu mace mai ciki ke kwana da ciwo, ko yaro na zazzaɓi, a ce "mun bar wa Allah", alhali kuɗin asibiti ne babu?

'Yar'uwa, tawakkali bai hana neman magani, Manzon Allah (SAW) da kansa ya umurce mu da nemansa. Sayyidina Umar (RA) kuwa ya yanka wa jarirai kaso daga baitulmali. Ashe kula da mai rauni haƙƙi ne a kan shugabanni.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Sakkwato, hukumar SOCHEMA ke rajistar masu ƙaramin ƙarfi, musamman masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da naƙasassu.

Don Allah ki shawarci maigida, ki je asibitin da ke kusa ki tambaya. Ki kuma sanar da maƙwabciyarki, wannan ma sadaka ce. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.