Jaririn Da Ba Ya Amsawa

'Yan'uwa, a shekara ta 2010 aka gane gubar dalma ce ke kashe yara a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya cikin gidaje. Yara wajen 400 suka mutu. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe ƙasarta mai guba. Dalma takan bi jinin uwa ta ɓata ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Magani yakan rage gubar, amma ba ya gyara abin da ya ɓaci.

To, uwar da ke yi wa irin wannan jariri tawai, shi kuwa ko dubanta ba ya yi, wahalar banza take yi? Mun ce a'a. Gama ƙwaƙwalwar jariri tana kan ginuwa, muryar uwa da goyo da wasa suna taimakonta kaɗan kaɗan. In ma bai taɓa amsawa ba, darajar mutum ba a wayonsa take ba, Allah ne ya ba shi.

Amma uwar da ba a mayar mata da murmushi takan gaji. Kada fa mu ce ɗan ruwa ta haifa. Mu karɓe mata goyon, mu ɗebo mata ruwa, mu raka ta asibiti.